Kada mota ta cinye mana zaure

Duk wanda ya bi sababbin unguwannin Damagaram zai ga fuskar gida ta sake. Inda a da ake barin zaure, yanzu ƙaton ƙyauren ƙarfe ne, bayansa gareji manne da falo, wani lokaci ma bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin yara. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, aka kuma shimfiɗa sababbin tituna lokacin bikin Zinder Sabuwa a 2018, motoci sun ƙaru a gari, kowa kuma yana son tasa ta kwana a gida. Wannan ba laifi ba ne. Inda ake kwantar da ita ne ke damuna.

Ra'ayina shi ne a raba mota da ɗakin kwana. A yi mata rumfarta daban a kusurwar fili, a bar tazara, ko da taku biyar ne.

Mun san abin da garejinmu ke ɗauke da shi. Ba mota kaɗai ba ce. Akwai babur, akwai jarkar man da aka saya wurin 'yan ruwa-ruwa masu sayar da mai a bakin titi, akwai janareto da ake tayarwa idan wuta ta ɗauke, wani gidan har tukunyar gas. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tururin fetur na taruwa a rufaffen ɗaki, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Hayaƙin inji kuwa ya fi wuta mugunta, domin gubar da ke cikinsa ba ta da wari, ba ta da launi. Ta ƙarƙashin ƙofa take bi ta iske mai barci. Maigidan da ke tayar da mota da asuba ya bar ta tana ɗumi a garejin da ke buɗe wa falo, iyalinsa yake shayar da wannan hayaƙi bai sani ba.

Iyayenmu da suka gina unguwannin Birni da Zango sun fi mu lura a nan. Doki ya fi motar yau daraja a wurinsu, amma barga daban take, turaka daban.

To, da me za a yi rumfar? A nan ina tare da ƙarfe. Azarar giginya ta yi wuya ta yi tsada, katako kuma abincin gara ne. A Amurka da Turai ana sayar da gareji sukutum a kwali: ginshiƙai, kwano da kusoshi, duk an yanka an huda, sai ɗaurawa. Akwai masu sha'awar a yo musu odar irinsa. Ni ban ga dalili ba. An auna yawancinsu ne da nauyin dusar ƙanƙara, abin da ba mu da shi, ga kuɗin dako da na kwastan. Masu waldar garin nan, da ƙarfen da ake shigowa da shi daga Kano, za su haɗa maka irinta daidai faɗin filinka, kuɗin kuma ya tsaya a hannun 'ya'yanmu.

Sai dai a tsaya musu a kan aikin. Abokiyar gabarmu iskar hadarin farkon damina ce, wadda ke tasowa daga gabas ta yaye kwano ta jefa gidan maƙwabci. Rumfar ƙarfe ba ta da nauyi, don haka duk ƙarfinta a ƙafa yake. A haƙa wa kowane ginshiƙi rami mai zurfi a cika da kankare, a ɗaure kwano da noti maimakon ƙusa, a shafa fentin hana tsatsa kafin a rufa. A ɗaga rufin, a bar gefe a buɗe iska ta ratsa, in ba haka ba kwano zai gasa motar da aka ce ana karewa. Kada kuma a jingina ta da katangar ƙasa: ruwan da ke zuba daga kwano shi ke cin gindin bango, damina biyu sai ka ga tsaga.

Na san abin da za a ce mini. Fili ya yi tsada, ɓarayin batir da tayoyi ba sa barci, kuma garejin da ya ari bangon gida ya fi araha. Gaskiya ne. Wanda filinsa bai isa ba, ya manna, amma da sharaɗi: bangon bulo har sama, babu ƙofa ko taga da ke shiga ɗaki, mai da janareto kuma su zauna waje.

Abin da ba na yafewa shi ne a rushe zaure don mota. A zaure ake sallama, a nan baƙo ke jira ba tare da ya keta mutuncin matan gida ba, a nan malam ke karantar da yara, a nan ake zaman makoki da ɗaurin aure. Je ka Zango ka dubi tsofaffin gidajen fatake masu zane a goshi: duk gwanintar magini a ƙofar zaure aka zuba ta. Yau baƙo na tsaye a rana yana buga ƙarfe, maigida na leƙowa ta 'yar kafa. Magina da masu zana taswirar gida su riƙa faɗa wa mai gini tun kafin a haƙa harsashi cewa zaure mai taku huɗu da rumfar mota a gefe duk suna shiga fili guda, in an tsara su tun farko.