Tsohon soja da ciwon da ba ya faɗa



Akwai wani dattijo da yakan zo shagonmu na magani a Agege, muna ce masa Baba Samanja. Shekara 35 ya yi cikin kaki. Yana cikin dakarun ECOMOG da suka shiga Laberiya a 1990, daga baya kuma aka kai shi Saliyo. Da ritaya ta gabato ya je cibiyar koyar da sojoji sana'a da ke Oshodi, ya koyi kiwon kaji. Jari bai kai ba, sai ya kama aikin shugabancin masu gadi a wani kamfani, ya yi kusan shekara goma yana kwanan zaune.

In ya zauna a bencin shago yana waiwayen rayuwarsa, ba ya nadamar ko ɗaya cikin ayyukan biyu. Da su ya ilmantar da 'ya'ya ya aurar. Amma ya taɓa gaya mini wata magana da ban manta ba: a bariki akwai mai tashinka atisaye da asuba, akwai mai tilasta maka ganin likita. Da ka tuɓe kaki, ba mai tambayarka ya jiki.

Duk mako sai ya sayi diclofenac saboda gwiwa. Ran nan na ce, "Baba, yaushe rabon da a auna jininka?" Ya yi dariya ya ce, "'Yata, wanda harsashi bai kayar ba, gwiwa ce za ta kayar da shi?" Da ƙyar ya miƙo hannu. Awo ya nuna 172/104, alhali daga 140/90 ake lissafa hawan jini. Ashe an taɓa ɗora shi kan magani, da ya ji sauƙi ya ajiye.

Idan akwai irin Baba a gidanku, ku sani juriyar da aka koya masa a soja ita ce yanzu take ɓoye ciwonsa. Diclofenac da ibuprofen da danginsu suna rage zafin gaɓoɓi, amma shansu kullum yana ƙara hawan jini, yana raunana ƙoda, yana iya jawo gyambon ciki har da zubar jini, musamman ga wanda ya manyanta. Hawan jini kuwa ba kasafai yake nuna alama ba, sai dai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Maganinsa ba a ajiye shi don an ji daɗin jiki, sai da izinin likita.

Sai maganar barci. Matar Baba ta gaya mini cewa duk Disamba, in yara suka fara harba nokawut, sai ya zabura, dare ya raba bai runtsa ba. Wanda ya ga yaƙi kan yi fama da munanan mafarkai da saurin fushi da razana ko bayan shekaru masu yawa. Wannan ba ragwantaka ba ce, ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, kuma ana samun sauƙi. Kada ku sayo masa diazepam ko tramadol a kasuwa don ya samu barci, jiki yana sabawa da su, rabuwa ta yi wuya. In kuma kun ga yana ƙure rediyo, a duba kunnensa, ƙarar bindiga tana rage ji.

Abin da za ku yi ba shi da tsada. Ku tattara duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, ku kai wa likita ko mai harhaɗa magani ya duba. Ku samu ɗan littafi ana rubuta awon jini da na sukari. A rage gishiri da dunƙule a miya. Ku binciki rajistarsa da DHML, mai kula da inshorar lafiyar sojoji har da waɗanda suka yi ritaya. Kuma kada ku ba shi umarni, soja ba ya karɓar oda daga ƙaraminsa. Ku roƙe shi, ku raka shi.

Baba dai 'yarsa ce ta kai shi asibiti. An canja masa maganin gwiwa, ya koma kan na hawan jini, yanzu ƙarfe bakwai daidai yake sha, ba ya latti ko da minti ɗaya.

Duk ranar 15 ga Janairu ƙasa na tunawa da sojojin da suka kwanta dama. Wanda ya dawo da ransa kuwa yana ɗaki a gidanku, ku leƙa ku tambaye shi ya jiki, in ya ce lafiya lau ku sake tambaya.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai mako mai zuwa.