Maganin rage kitsen jini da ciwon tsoka: Abin da ya kamata Gaya da Ajingi su sani

Ɗan kasuwa ko ma'aikaci a birnin Kano yakan sayi magungunan hawan jini da na rage kitsen jini ya aika wa mahaifinsa a Gaya ko Ajingi, sai tsoho ya yi ta sha wata da watanni ba tare da likita ya sake duba shi ba. Niyyar mai kyau ce, domin magungunan da ake kira statin, irin su simvastatin da atorvastatin, suna rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sai dai a jikin wasu tsiraru sukan taɓa tsoka, kuma gado yana da hannu a ciki.

A shekarar 2008 masu bincike na Jami'ar Oxford da ke Ingila suka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna SLCO1B1 yana ƙara wannan haɗari. Aikin ƙwayar shi ne samar da abin da ke kwashe maganin daga jini zuwa hanta. Idan ta yi rauni, maganin yakan taru a jini har ya illata tsoka. A cikin masu shan miligiram 80 na simvastatin kullum, wanda ya gaji sauyin daga ɗaya cikin mahaifansa haɗarinsa ya ninka sau huɗu da rabi, wanda ya gaje shi ta uwa da uba kuwa kusan sau 17. A 2011 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta taƙaita bayar da wannan adadi.

To, ina Bahaushe a wannan lissafi? Sauyin da aka gano a Oxford ya fi yawa a Turawa, bai cika yawa a 'yan Afirka ba. Amma wannan ba dalilin sakin jiki ba ne, domin akwai wasu sauye-sauyen ƙwayar da aka fi samu a Afirka, alhali mafi yawan binciken gado a kan Turawa aka yi shi.

A karkara kuwa, haɗarin da ya fi kusa shi ne rashin gane alamar. Manomin da cinyoyinsa da kafaɗunsa ke ciwo zai ce gajiyar noma ce, ya je kemis a ba shi diclofenac. Idan fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, sai a ce shawara ce. Alhali wataƙila tsoka ce ke narkewa tana toshe ƙoda, maganin ciwon jikin kuma yana ƙara wa ƙodar nauyi. Daga nan sai tafiya Kano neman wankin ƙoda, da kuɗin da zai iya cinye amfanin gonar shekara.

Haɗa magunguna ma babban lamari ne. Clarithromycin da erythromycin da wasu magungunan cutar ƙanjamau suna ƙara taruwar simvastatin a jini. Mai shan amlodipine don hawan jini kuwa bai kamata ya wuce miligiram 20 na simvastatin a rana ba.

Gwajin ƙwayoyin gado ya fi ƙarfin aljihun talaka, amma gwajin jini da ke nuna lalacewar tsoka da na lafiyar ƙoda ba su fi ƙarfin gwamnatin jiha ba. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta tabbatar ana yin su a Babban Asibitin Gaya, ta kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Ajingi su riƙa tambayar mai ciwon jiki irin magungunan da yake sha. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero su ne suka dace su binciki yadda wannan gado yake a jinin mutanenmu.

Mai shan maganin kada ya watsar da shi don tsoro, domin amfaninsa ya rinjayi illarsa ga mafi yawan mutane. Idan ciwon tsoka ya zo da kasala ko duhun fitsari, ya dakata da sha, ya ga likita a ranar, riƙe da kwalayen duk magungunansa.