A maido sunayen sojojinmu garuruwansu

Ran 10 ga Disamba 2019, sojojin Nijar 71 suka kwanta dama a barikin Inates, kusa da iyakar Mali. Bayan wata guda, ran 9 ga Janairu 2020, wasu 89 suka bi su a Cinagodar. Kafin su, a watan Afrilu 2015, an rasa 46 a tsibirin Karamga cikin tafkin Cadi. Kowane karo an yi abin da aka saba: a sassauto da tuta, a yi zaman makoki na kwana uku, a yi jawabi a rediyo da talabijin. Daga nan kasuwa ta ci, ofis ya buɗe. To yau, cikin masu karanta wannan jarida, mutum nawa ne zai iya kawo sunan uku kacal daga cikinsu?

Mu dubi Tongo Tongo. Ran 4 ga Oktoba 2017 aka yi kwanton ɓauna a can, sojojin Amurka huɗu suka mutu tare da namu. Sunayen Amurkawan da hotunansu sun zaga duniya, majalisar ƙasarsu ta tsare manyan hafsoshi da tambayoyi. Namu kuwa, waɗanda suka faɗi a kan ƙasar haihuwarsu, a yawancin labaran da aka watsa adadi kawai suka zama. Kafin mu ga laifin baƙo, mu tambayi kanmu wane ƙoƙari muka yi don a san su.

Wannan mantuwa tsohuwa ce. An kwashi kakanninmu daga ƙauyuka zuwa yaƙin duniya na 1914 da na 1939, wasu kuma har Indoshin da Aljeriya. Dokar da Faransa ta yi a 1959 ta daskarar da fanshon mazan jiyan Afirka, ba a fara daidaita shi da na takwarorinsu Faransawa ba sai a 2007, aka kammala a 2011, lokacin da ƙasa ta riga ta rufe idon mafi yawansu. Mun yi ta kuka da wannan butulci, kuma da gaskiyarmu. Amma abin kunya ne ƙasar da ta kafa rundunarta tun 1961 ta maimaita wa ƴaƴanta irinsa.

An binne mamatan Inates a sansanin sojan sama na Yamai, cikin girmamawa. Sai dai uwar da ke wani ƙauyen Mayayi ko Tanut ko Illela ba ta da kuɗin mota zuwa Yamai, balle izinin shiga bariki. Soja ɗan wani gida ne, ɗan wata unguwa, akwai lakwal ɗin da ya yi, akwai masallacin da ya saba salla. A ganinmu, can ya kamata tunawa da shi ta zauna.

Wasu za su ce addini bai yarda da gumaka ko gini a kan kabari ba. Haka ne, kuma ba wanda ya roƙi mutum-mutumi. Abin da muke kira gare shi ya dace da al'adarmu ta sadaka mai gudana. Kowace komin ta tattara sunayen ƴaƴanta da suka mutu a bakin daga, soja da jandarma da gardi da ɗan sanda, a rubuta su a allo a ƙofar ma'aikatar magajin gari, da shekara da wurin da kowa ya faɗi. Rijiyar da za a gina, ko aji, ko ɗakin haihuwa, a sa mata sunan ɗaya daga cikinsu. Sau ɗaya a shekara, sarki da limamai da malaman lakwal su tara jama'a, a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, a yi addu'a, a ba tsoffin sojojin da ke raye wurin zama a gaba.

Allo kuma ba ya ciyar da maraya. Alhazan Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda manyan motocinsu ke bin hanyoyin da waɗannan samari suka tsare, sun san yadda ake haɗa kuɗin gina masallaci cikin mako guda. Asusun gari na kuɗin karatun marayun soja bai fi ƙarfinsu ba, in dai za a riƙa bayyana lissafinsa a fili. Ma'aikacin gwamnati shi ma yana da nasa rabo: takardun matar mamaci kada su kwana a teburinsa, kada ta yi ta safa da marwa tsakanin ƙauye da birni a kan haƙƙin da jinin mijinta ya biya.

Sharaɗi ɗaya ne: siyasa ta tsaya a bakin ƙofa. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, kowace da mamatan zamaninta, kuma bai halatta wata ta ɗaukaka nata ta binne na wadda ta gada ba. Haka nan girmamawa ba ta cika sai da gaskiya. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro, wanda ya fito a 2020, ya nuna hasarar kimanin miliyar 76 na sefa a cinikin kayan soja tsakanin 2014 da 2019, shekarun Karamga da Inates ke nan. Garin da ke karanta sunayen ƴaƴansa kowace shekara ba zai daina tambayar inda kuɗin makamansu suka shiga ba.

Wannan aiki ba ya bukatar jiran umurni daga Yamai. Littafi ɗaya, da allo ɗaya, da mutanen kirki biyar sun isa a fara. Wace komin ce za ta riga sauran?