Wai ciyar da marubuci asara ce?

Ya kai mai karatu, akwai wata magana da nake ji a bakin mutane, ni kuwa ban yarda da ita ba. Wai a tara marubuta gida guda, a ba su ɗaki da abinci, zaman banza ne. Wai mai alƙalami ba ya gumi, don me za a ciyar da shi?

Bari in ba ka labarin irin wannan gida. Sunansa Ebedi, yana garin Iseyin, jihar Oyo, a ƙasar Yarbawa ta Najeriya. Wani likita marubuci, Wale Okediran, ya buɗe shi a shekara ta 2010. Marubuci yakan zo daga nesa, wani har daga Uganda, ya zauna kamar sati shida, ba ya biyan kuɗin ɗaki. Aikinsa ya ƙarasa littafin da ya faro. Amma da sharaɗi: sai ya riƙa koya wa ƴan makarantar garin rubuta labari da waƙa.

To, ina zaman banza a nan?

Kai manomi ne, ka san gayya. Mai gona yana ba da fura da tuwo, ba wanda ya taɓa cewa ya yi asara. Wanda ke rubutu shi kaɗai a gidansa, ga kukan yara, ga neman na cefane, ga baƙi, hankalinsa a rabe yake, kuma ba ya ganin kuskurensa. In yana tare da abokan sana'arsa, sai ya karanta musu abin da ya rubuta. Wannan ya ce nan ka cika tsawo, wancan ya ce karin maganar nan ba wurinta ba ne. Akan yi gardama, wani lokaci har rai ya ɓaci. Gara wannan ɓacin rai da littafi marar gishiri.

Masu suka, ai sun san Magana Jari Ce. A 1936 aka ɗauke Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina, aka kai shi Zariya wata shida, wurin Rupert East, Baturen da ke shugabancin ofishin talifi. Aikinsa rubutu kawai. Yana rubutawa, suna dubawa tare. Littattafai uku suka fito, har yau ana karanta su. Da an bar shi cikin aji safe da yamma, yaushe zai samu wannan sukuni?

Ni abin da ke damuna dabam ne. Yawancin masu shiga irin waɗannan gidaje da Turanci ko Faransanci suke rubutu. Kai da ka sha wahalar koyon baƙaƙe da girmanka, ƙirga littattafan Hausa da ke ƙauyenku. Yatsun hannu guda ma sun isa ƙirga su. Da a Maraɗi ko Damagaram za a samu ɗaki uku, da buhun hatsi, da fitila, a ajiye masu rubutun Hausa wata guda bayan girbi, da ka samu abin karantawa a rani.