Hanyar keke ta bakin tafkin Chicago da masu son yanka filin jama'a

Duk wanda ya taɓa zuwa birnin Chicago na ƙasar Amurka, ya kuma samu damar hawa keke a bakin tafkin Michigan, zai yarda da ni cewa babu abin da mutanen birnin suka mallaka da ya kai wannan hanya daraja. Tsawonta ya kai kilomita 29, daga titin Ardmore a arewa har zuwa titi na 71 a kudu, kuma ba a karɓar ko sisin kwabo a hannun mai bin ta.

Sai dai hanyar tana da lokacinta. Daga Yuni zuwa Agusta cunkoso ne, har ta kai masu keke da masu tafiya a ƙasa suna yawan karo, abin da ya sa aka raba masu hanya biyu, aikin da aka kammala a 2018 da gudummawar Dala miliyan 12 daga attajiri Ken Griffin. A watan Afrilu kuwa iskar da ke tasowa daga tafkin takan yaudari baƙo, domin sai ya baro cikin gari da ɗumi ya tarar da sanyi mai ratsa ƙashi a bakin ruwa. A ganina Satumba da Oktoba su ne watannin mahayi na gaskiya. Da sanyi ya kankama, igiyar ruwa kan watso kan hanyar a kwanar Oak Street ta daskare ta zama ƙanƙara, ala tilas a rufe wurin. A ƙarshen Janairun 2019 sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili.

To, mai karatu, ba sanyin ne ke damuna ba, domin shi yana zuwa ya wuce. Mutane sukan yaba wa Griffin, amma ni wanda nake ganin ya fi cancantar yabo shi ne ɗan kasuwa Aaron Montgomery Ward, wanda daga 1890 ya shafe kusan shekara 20 yana shari'a don kada a yi gini a filin Grant Park, alhali manyan gari suna zaginsa. Ba don irin wannan taurin kai ba, ina za a shimfiɗa hanyar?

Kuma har yanzu ba a daina kwaɗayin filin ba. A 2016 ƙarar da ƙungiyar Friends of the Parks ta shigar ta sa George Lucas ya janye gidan tarihin da ya so ginawa a bakin tafkin, daga baya ya kai shi Los Angeles. Amma a 2021 aka fara gina cibiyar Obama a cikin Jackson Park, duk da ƙarar da aka kai. Ina girmama Obama ƙwarai, amma ban ga dalilin da zai sa sunan mutum, komai girmansa, ya halatta masa yankar filin jama'a ba, tunda a kudancin birnin akwai filaye da dama da babu kowa a kansu.