Laifi Tudu Ne: Amurka, Asali da 'Ya'yanmu Mata

 

Ya 'yan'uwa, mun saba la'antar zaluncin da Amurka ta yi wa baƙar fata da mata, kuma ya cancanci la'anta. A shekarar 1662 yankin Bajiniya ya yi doka cewa duk abin da baiwa ta haifa bawa ne, ko da ubangidanta ne uban. Ta haka cikin mace baƙa ya zama hanyar ƙara dukiya. An soke bauta a 1865, mata suka sami ƙuri'a a 1920, amma baƙaƙen kudancin ƙasar sai a 1965 doka ta kawar musu da shingen zaɓe. To, sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mu dubi gida. Wannan ƙasa ta Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ta san rinji, ta san harin Ningawa mai kwashe mata da yara. Shari'a ta ce ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne mai 'yanci, kuma tun 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya bayyana cewa launin fata ba dalilin bauta ba ne. Turawa sun ci Bebeji da Kano a 1903, aka soke bauta baki ɗaya a 1936, amma tabonta bai bar bakunanmu ba. Har yau saurayi mai addini da sana'a yakan nemi aure, a ce za a binciki asali, a kore shi don kakansa bacucane ne, ko Bamaguje ne da ya musulunta. Alhali aya ta 13 ta Suratul Hujurati taƙawa ta sanya ma'auni.

Haka nan sha'anin mata. Shehu Usmanu ya zargi malamai masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan ƙauye. Duk da wannan gado, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri. Wanda ya tsaya a Kwanar Dangora da hantsi zai ga yara mata da farantin talla suna bin motocin Kano da Zariya, a lokacin da ya kamata a ce suna aji. Wadda aka raina asalinta kuwa, kaya biyu ne a kanta.

Saboda haka muna kira ga waliyyai su tambayi addinin manemi da halinsa, su bar tonon kakanni. Limamai su faɗi wannan a kan mumbari. Kowane uba ya kai 'yarsa makaranta kamar yadda yake kai ɗansa.

Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon bin ta.