Kafin ka ɗauko gatari, kankare ɓawon tukuna

A tsakar gidanmu a Maraɗi akwai iccen lemun tsami guda. Mahaifiyata ce ta dasa shi da hannunta shekara biyu kafin Allah Ya yi mata rasuwa, kuma tun daga nan kula da shi ta dawo kaina. Bana, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 har ƙasa ba ta takuwa babu takalmi, ganyensa ya soma yin ɗorawa, ya naɗe, ya zube. Cikin sati uku ba abin da ya rage sai rassa da ƙaya. Ƙanena ya ce mu sare mu huta, ko ba komai a samu na hura wuta. Har ya ɗauko gatari.

Gwaggona ce ta tsai da shi. Ta taso daga tabarma, ta sa farce ta kankare ɓawon wani reshe na sama, ta tarar ya bushe ƙayau. Ta sauko kusa da gindi ta sake kankarewa, sai ga kore shar, da danshinsa. Ta dube ni ta ce, "Shina da rai. Kai ne dai ka kusa kashe shi, ɗan nan. Mi kake ba shi?"

Wallahi nan kunya ta kama ni. Ganin ruwan pampo ba kullum yake zuwa ba, ni na ce duk ruwan wanki da na wanke-wanke a riƙa juye shi a gindin lemun, safe da yamma, da omo da sabulu da komai. Da na ga ya fara laushi kuma, sai na kwaso ɗanyen kashin awaki na tula masa har ya rufe gindi. A tunanina gata nake masa. Ashe gishirin sabulu taruwa yake cikin ƙasa yana hana saiwa shan ruwa, ƙasar da kullum take caɓe tana hana ta numfashi, ɗanyen taki kuma ƙone ta yake.

Ga abin da muka yi, ko zai amfani wani. Mun kwashe takin nan kaf, tare da ƙasar sama da ta yi fari-fari. Mun tona kaɗan muka duba saiwa: mai rai tana da ƙarfi da haske, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce, tana lugwigwita, tana wari. Mun yanke ruɓaɓɓun. Rassan da suka bushe mun datse su da wuƙa mai kaifi har zuwa inda kore ya fara. Mun yi kewayen ƙasa kamar kwano, nesa da gindi, muka zuba ruwa mai kyau da yawa sau ɗaya don ya wanke gishirin ya gangara da shi ƙasa. Daga nan ba a sake ba shi ruwa sai na cusa yatsa na ji ƙasa ta sha iska, kuma da sassafe ko bayan la'asar. Mun shimfiɗa busasshiyar ciyawa don danshi ya jima, amma ba ta taɓa jikin iccen ba, saboda gara da ruɓa. Mun kafa zana ta ɓangaren yamma ta tare masa rana. Taki kuwa, gwaggo ta hana. Ta ce marar lafiya ba a fara masa da tuwo.

Kwana ashirin ba abin da ya motsa. Ƙanena har ya soma yi mini dariya. Wata safiya na fito alwala, sai ga tofo uku ƙanana a jikin reshe. Yau ganye ya rufe shi. Bana ba zai yi ƴaƴa ba, na sani, amma yana nan tsaye inda ta dasa shi.

Dalilin da ya sa na kawo muku labarin icce guda shi ne, halin da muka so nuna wa lemun nan shi ne halinmu da itatuwan gari gaba ɗaya. Tun 1975, kowace 3 ga Agusta ana bikin dashen itace a Nijar. Mu matasa mu ne kan gaba: riga iri ɗaya, shebur a hannu, hoto, a ɗora a Facebook. To amma wa ke komawa a watan Maris ya ga abin da ya faru? Ku zagaya bakin hanyoyi da filayen lekol a Yamai, Tawa ko Damagaram, ku ga ramuka nawa ne ba komai ciki sai busasshen tsinke da leda. Awaki sun ci wasu, ƙishirwa ta gama da wasu, da yawa kuma an tumɓuke su da sauran ransu don ba wanda ya tsaya ya duba. Baɗi a sake sayen sabbi, a sake haƙa ramin bara.

Abin takaicin, darasin nan a ƙasarmu duniya ta koye shi. A farkon shekarun 1980 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itace a jihar Maraɗi, mafi yawan abin da ake dasawa yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƴan tsirrai da ake sassabewa a gonaki kowace shekara ba ciyayi ba ne, tofon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da suke buƙata kawai a zaɓi tofo kaɗan masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a kare su daga dabbobi da wuta. Shi ne manomanmu suka sa wa suna sassabin zamani, kuma su suka yaɗa shi gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar. Wanda ya bi ta Magarya ko Matamai ya ga gawo cike da gonaki, gani ya kori ji. Ba a gandun renon itace aka sayo su ba. Suna nan tun da, an daina kashe su ne kawai.

Wani zai ce ai ruwan sha ma wahala yake, ina na ba icce? Gaskiya ne, kuma ni ma tsadar ruwan ce ta kai ni ga ruwan omo. Amma iccen da ya riga ya kafa saiwa bai kai sabon dashe shan ruwa ba. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko ganye, in babu sabulu ciki, sun isa su riƙe shi. Tsohon tulu na ƙasa, in ka binne shi kusa da saiwa ka cika ka rufe baki, zai riƙa tsattsafo da ruwa a hankali kwana da kwanaki. Kuma ba na cewa duk icce na tashi. Wanda ka kankare har gindi ka tarar a bushe, saiwa ta ruɓe duka, wannan ya tafi, cire shi ka dasa wani. Abin da nake cewa shi ne a duba kafin a yanke hukunci.

Don haka ga shawarata gare mu. Kafin 3 ga Agusta mai zuwa, kowa ya koma inda ya yi dashe bara. Ka ƙirga nawa suka rayu. Ka zaɓi guda daga cikin masu galabaita, ka kankare ɓawon. In ka ga kore, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ka gyara masa gindi, ka ɗauke shi naka har damina ta sauka. In za a sa hoto, a sa na iccen bara da ya kai bana.

Gatarin ƙanena dai yana nan jingine a bayan ɗaki. Jiya na ga shi da kansa yana juye ruwan alwalarsa a kwanon lemun.